Yadda Ake Kafa Reshen Ɓauren Tin Ya Yi Saiwa a Ƙasar Zafi, Ba Tare da Kashe Kuɗi Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga yadda ake dasa cediya. A sari ƙaton reshe da farkon damina, a haƙa rami a ƙofar gida, a kafa, a kewaye da ƙaya saboda awaki, shi ke nan. Bayan 'yan shekaru ana shimfiɗa tabarma a gindinta. Haka durumi. To tin, ɓauren nan na ƙasashen Larabawa wanda aka sa wa sura ta 95 a Alƙur'ani sunansa, danginsu ɗaya da cediya da durumi da gamji da ɓauren dajinmu, kuma shi ma da reshe ake yaɗa shi. Sai dai nasa reshen siriri ne, cikinsa totuwa ce mai laushi, ba shi da ajiyar da gungumen cediya yake da ita. Yinin bazara guda ɗaya ya isa ya kashe shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, na gaji da ganin mutane suna asarar rassa masu kyau ta hanya iri ɗaya. Mutum ya sha wuya ya samo reshe, wani ya roƙo, wani ya saya da tsada, sai ya buɗe YouTube ya ga wani Bature a Amurka ko Ingila yana cewa a rufe da leda ruf, a ɗora a kan abin ɗumamawa. Baturen bai yi ƙarya ba. Ɗakinsa sanyi gare shi, ɗumi yake nema. Mu kuwa ɗumi ya yi mana yawa, sanyi muke nema. Reshen tin ya fi son yin saiwa a tsakanin digiri 21 zuwa 27. Da ƙasar da yake ciki ta haura digiri 32 ta zauna a can, kuma da danshi, ruɓewa takan riga saiwa fitowa. A Kano kuwa zafin Afrilu yakan kai digiri 40 a inuwa, balle Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan ya tsaya: ka sanyaya gindin reshen, ka kuma riƙe hannunka daga buta.

Bishiyar da za ka yanko

Kada ka ɓata lokacinka da shuka ƙwayoyin busasshen tin da ake sayarwa a shagunan kayan Saudiyya. Za su iya tsirowa, amma yawancin busasshen tin na kasuwa daga Turkiyya yake, ƙasar da ta fi kowace noma shi, kuma irin da suke busarwa ba ya riƙe 'ya'ya sai wani ɗan ƙwaro na musamman ya shiga cikinsa ya kai masa garin namiji. In ka shuka ƙwayar, ko dai ka sami namijin da ba a cin 'ya'yansa, ko macen da za ta iya yi ta zubar da su ɗanyu kana kallo. Shekara uku na ban ruwa ke nan a kan caca.

Reshe kuwa kwafin uwarsa ne sak. Saboda haka ƙa'idata ɗaya ce: ba na yankar reshe sai daga bishiyar da na ga 'ya'yanta sun nuna a nan garinmu, ko wanda na yarda da shi ya ce ya ci. Masu sayar da dashe za su kira maka sunaye, Brown Turkey, Black Mission, Kadota, ko Sultani na Masar. Duk waɗannan suna nuna ba tare da ƙwaron ba, amma suna a baki ba shaida ba ne. Je ka ga bishiyar. Ka duba ganyenta, in ya yi dabbare-dabbare ya mommurɗe, ko jikin reshen cike yake da fararen ƙwari masu kama da auduga, ka nemi wata.

Lokaci

Rabin nasara a nan take, kuma kyauta ce. Lokacin da na fi so shi ne daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu. A lokacin bishiyar ta rage girma, ta zubar da yawancin ganyenta, abincinta yana ajiye a cikin itacen. Dare da sanyi, rana ba ta wuce hankali ba. Abokin gabarka a hunturu ɗaya ne, busasshiyar iska, kuma maganinta mai sauƙi ne. Reshen da aka kafa a Disamba zai yi saiwa kafin ƙarshen Fabrairu, ya shiga bazara da ƙafafunsa.

Lokaci na biyu shi ne Yuni zuwa farkon Yuli, bayan ruwa ya sauka gari ya yi sanyi. Yana yi, amma dole a ƙarƙashin rumfar da ba ta yoyo, don ruwan Agusta in ya sami reshen da bai kama ba, ruɓar da shi yake yi.

Maris, Afrilu da Mayu kuwa, ka haƙura. In an yi maka kyautar reshe a lokacin babu yadda za ka yi, ka bi hanyar randar da zan bayyana, amma kada ka sa kuɗinka ka saya.

Yankan reshe

Ka je da sassafe. Reshen da kake nema shi ne wanda ya fito a daminar da ta wuce, ya riga ya ƙosa, launinsa ya tashi daga kore ya koma toka-toka ko ruwan ƙasa. Kaurinsa daga na fensir zuwa na babban yatsa. Ni na fi son mai kaurin yatsa, don a zafinmu siriri yakan bushe kafin ya yi komai. Koren kan reshe mai laushi, wanda sababbi suka fi sha'awa don ya fi kyan gani, shi ne ya fi saurin mutuwa.

Tsawon kowane yanki kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 ko kusa da haka, da gaɓa uku zuwa biyar. Ka yanke ƙasan a miƙe, dab da ƙarƙashin gaɓa. A daidai gaɓar itacen a toshe yake, a tsakanin gaɓoɓi kuwa totuwa ce, in ka bar doguwar totuwa a ƙasa ka bar wa ruɓa ƙofa. Saman kuma ka yanke shi a karkace, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da idon ƙarshe. Amfanin karkatarwar shi ne ka gane sama da ƙasa bayan ka dawo gida, don na sha ganin wanda ya kafa reshe kai a ƙasa yana jiran toho. In ka rikice, duba gaɓar: tabon da ganye ya bari yana ƙasa, ɗan idon yana samansa.

Duk ganyen da ya rage ka cire. Duk ɗan 'ya'yan da ke jiki ka cire. Wuƙa mai kaifi ta isa, ba sai ka sayi almakashin lambu ba, amma mai kaifi nake nufi, wadda za ta yanke ba ta tauna ba.

Farin ruwan da ke fita kamar madara yana ƙona fata, musamman in rana ta doke wurin. Kada ya taɓa idonka, kuma ka wanke hannu da sabulu da ka gama. Yara kada su yi wasa da shi.

In tafiyar da nisa, ka naɗe rassan a tsumma mai ɗan danshi ka sa a inuwa. Kada ka bar su a bayan mota ko a cikin leda a rana ko da na rabin sa'a ne. Da ka iso gida ka wanke su da ruwa da ɗan soso, ka tsoma su minti ɗaya a ruwan Hypo da aka sirka, murfi ɗaya a murfi tara na ruwa, ka ɗauraye, ka bar su su sha iska har jikinsu ya bushe. Wannan yana rage fumfuna sosai.

Za a ce maka sai ka sayi garin sa saiwa na kanti. Tin ba ya bukatarsa. Wasu suna shafa zuma, wasu alobera, ban hana ba, amma ni ban ga bambanci ba tsakanin wanda na shafa wa da wanda ban shafa wa ba, sai dai zumar ta jawo mini kiyashi.

Abin da za ka kafa shi a ciki

Ba taki. Ba ƙasar bola, ba ƙasar fadama mai laka, ba kashin awaki komai ruɓewarsa. Reshen da ba shi da saiwa ba ya cin komai daga ƙasa, da guzurinsa yake rayuwa. Abin da yake so a gindinsa iska ce da ɗan danshi. Taki kuwa yana riƙe ruwa, yana ɗaukar zafi, kuma cike yake da abubuwan da ke ruɓar da itace.

Haɗina shi ne yashi mai gautsi kashi biyu, ɓuntun shinkafa da aka babbake kashi ɗaya. Yashin irin na gini, mai ƙananan tsakuwoyi, wanda ake ɗebowa daga rafi. Rairayi mai laushi ba ya yi, yana danƙarewa ya hana iska shiga. Ka zuba yashin a bokiti ka wanke har ruwan ya daina fita ja, sannan ka kwarara masa tafasasshen ruwa ka bar shi ya huce. Tafasasshen ruwan yana kashe wata tsutsa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, wadda tin ba ya jure mata ko kaɗan. Ɓuntu kuwa a wurin masu injin casar shinkafa kusan kyauta ne. Ka babbake shi ya yi baƙi amma kada ya zama toka. In babu ɓuntu, ka nemi dagargajen gawayin da ke ƙasan buhu, ka tankaɗe ƙurar, ka jiƙa shi kwana ɗaya ka zubar da ruwan. Dusar katako ɗanya ban yarda da ita ba, ta sha yi mini fumfuna.

Ka jiƙa haɗin tun kafin ka zuba a mazubi. Ka damƙi cikin hannu ka matse da ƙarfi. In ruwa ya ɗiga, ya yi yawa, ka baza shi ya sha iska. Abin da ake so, ka ji sanyinsa a tafin hannu, ya ɗan dunƙule, ka taɓa ya watse.

Mazubi kuma, gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, wadda ake gani ta cikinta. Ka yanke wuyan, ka huda ƙasan wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi. Ga wata dabara da za ka gode mata nan gaba: ka tsaga gorar daga sama har ƙasa ta gefe ɗaya, sannan ka liƙe tsagar da salatif. Ranar sauya mazubi sai ka ɓare salatif ka buɗe ta kamar littafi, ba ja ba girgiza. Ledar fiya-wata ma tana yi in babu gora, sai dai gajera ce kuma tana saurin bushewa. Baƙar ledar masu renon dashe ita ce ba na so a wannan mataki, don tana zuƙar zafi kuma ba ka ganin abin da ke faruwa a ciki. Reshe ɗaya gora ɗaya. In ka cusa biyar a bokiti guda, saiwoyinsu za su sarƙe, ranar rabawa ka kashe uku.

Kafawa

Ka narkar da guntun kyandir a gwangwanin madara, ka bari ya ɗan huce, ka tsoma kan reshen na sama ka cire nan take, iyakar wurin yankan kawai. Kakin zuma ya fi, in kana da shi. Wannan shi ke hana iskar hunturu zuƙe ruwan reshen ta totuwa.

Ka yi rami da wani tsinke, ka sa reshen, kashi biyu cikin uku a binne, ido ɗaya ko biyu kaɗai a waje. Ka danna gefensa a hankali har ya tsaya. Daga nan ka sami 'yar leda ka rufe bakin gorar, ka ɗaure ta a jikin reshen da zare ko roba, yadda yashin ne kaɗai a rufe, kan reshen yana waje yana shan iska. Ka lura da wannan bambancin da kyau. Rufe yashi yana tsare danshi. Rufe reshen gaba ɗaya da leda kuwa, a garinmu, turara shi ne kamar dambu. In hunturun ya yi tsanani, ka naɗe ɗan abin da ya rage a waje da siririn yankin leda, ka bar idon a buɗe.

Wurin ajiyewa

Inuwa mai haske, inda rana ba ta taɓa gorar kai tsaye. A hunturu rana ta kudu take ratsawa, don haka arewacin katanga yana cikin inuwa kusan duk yini. A Yuni da Yuli kuwa ta koma ta arewa, sai ka sauya gefe. Gindin mangwaro ko darbejiya ya yi. Kada ka ajiye a kan siminti da rana ke duka, kada ka ajiye a ɗakin kwanon da ba shi da silin, kuma kada ka ajiye a ƙasa tsirara inda gara za ta shiga ta hujin gora.

Ga hanyar da ta canza mini komai. Ka nemi tsohuwar randa mai faɗin baki, ko wadda ta fashe ta sama, ko babban kasko. Ka shimfiɗa tsingaro a ƙasanta, ka jera gorunan a kai, ka cike tsakaninsu da yashi har wuya. Yashin nan yana yin aiki biyu: yana rufe gorar daga haske, yana kuma tsare ta daga hawa da saukar zafi. A Disamba da Janairu ka bar shi a bushe, don daren ya riga ya yi sanyi, in ka ƙara masa sanyi, saiwa za ta yi jinkirin fitowa. Daga tsakiyar Fabrairu, da ka ji zafi ya fara, ka riƙa yayyafa wa yashin wajen ruwa da jikin randar. Ruwan yana tsatsowa ta jikin yumɓu yana bin iska, yana tafiya da zafin. Abin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan, kuma a kansa Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya koyar a Dutse, ya gina tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan miya, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. In tana tsare tumatir, tana tsare gindin reshe. Wanda ba shi da randa ya naɗe gorunan da buhun algarara ya riƙa jiƙa buhun.

Ruwa, inda kusan kowa ke faɗuwa

A nan ni ma na faɗi, shi ya sa zan daɗe a kai.

Shekarar da na fara, a watan Maris ne. Na sami rassa ashirin masu kyau, na kafa su a baƙar leda cike da ƙasa mai taki, na rufe kowanne da farar leda kamar yadda na gani a waya. Safe da yamma ina ba su ruwa, don a ganina zafin nan ba abin da zai rayu babu ruwa. Cikin kwana goma kusan duk sun yi toho, ganye kore shar. Na yi murna ƙwarai, har na fara yi wa 'yan'uwa alkawarin dashe. A mako na uku ganyen ya fara langaɓewa. Da na ga haka sai na ƙara ruwa. Kafin wata ya cika babu ko ɗaya a tsaye. Da na zaro su, ɓawon ƙasan yana saluɓewa a hannu kamar na dafaffen dankali, ga wari mai tsami, kuma babu saiwa ko guda.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana aikin lambu, ya shigo ya tarar da ni a kansu. Ya tsuguna ya cusa yatsa a cikin ƙasar, ya ɗan jima, ya ce, "Ɗana, ai dafa su ka yi." Na ce, "Baba, to ku yaya kuke yi da zafin nan, ba sai da ruwa ba?" Ya ce, "Abin da ba shi da saiwa, da wane baki zai sha ruwan naka?"

Maganar nan ita ce dukan karatun. Ruwan da ka zuba wa reshe marar saiwa ba ya shiga jikinsa yadda kake zato, zama yake yi a gindinsa ya kori iska. Ga zafi, ga ruwa, ga rauni a buɗe. Kuma abin da ke ruɗar mutum shi ne, reshen da ya fara ruɓewa da wanda ƙishi ya kama kamanninsu ɗaya daga sama: ganye ya langaɓe. Sai hannu ya tafi buta, a ƙarasa shi.

To ga yadda nake yi yanzu. Ranar da na kafa, ba na ƙara ruwa, danshin haɗin ya isa. Ina ɗaga gora ɗaya in ji nauyinta a hannuna, in riƙe wannan nauyin a raina. Bayan kwana biyar ko shida in zaro ta daga randa in sake ɗagawa, in kuma duba jikinta. In akwai ɗan gumi ta ciki kuma yashin yana da duhu, in mayar ba tare da na yi komai ba. In ta yi shafal, yashin ya yi fari har ƙasa, sai in ɗaga ledar in zuba murfin gora uku ko huɗu ta gefe, nesa da jikin reshen. Da ledar nan a baki, sau da yawa mako biyu kan wuce ban zuba ko ɗigo ba. In zafi ya fara, hannunka yana ƙaiƙayin ba da ruwa, ka ba randar, kada ka ba gorar.

Ruwan da za ka zuba ya zama na randa, mai sanyi. Ruwan jarka ko na tankin da ya yini a rana yana da zafin da zai iya ƙona sabuwar saiwa. Rijiyar da ke da zartsi ma ka guje ta in da hali.

Sai maganar ganye. Toho ba shaidar saiwa ba ne, kallon kitse ake yi wa rogo. Reshen tin yakan fitar da ganye da guzurin da ke jikinsa tun kafin ya yi saiwa ko ɗaya, kuma a ƙasar zafi ya fi yin haka, don iskar sama tana da ɗumi tana tayar da idon da wuri. Ganyen nan kuwa ruwa yake fitarwa daga jikin reshen da ba shi da hanyar mayarwa. In ka ga ganye ya buɗe ya yi faɗi alhali ba ka ga saiwa a jikin gora ba, ka rage shi da almakashi, ka yanke rabinsa, ka bar guda ɗaya ko biyu. In ɗan tin ya fito, ka cire shi ko da ranka ba ya so. Ni reshen da ya yi mako uku shiru, idonsa kore, jikinsa bai yamushe ba, ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya yi ganye a kwana bakwai.

Kada ka ja reshen don ka ji ko ya kama. Sabuwar saiwar tin fara ce, mai gautsi, taɓawa kaɗan take karyewa. Dalilin gora mai gani ke nan. Fararen ƙurajen da wani lokaci suke fitowa a jikin ɓawon ba saiwa ba ne tukuna, alama ce dai cewa reshen yana da rai. Saiwar gaske takan bayyana a jikin gora tsakanin mako uku zuwa shida, wani reshen har takwas in sanyi ya yi yawa. Kada ka yar da reshe sai ka kankare ɓawonsa da farce ka ga babu kore.

In ka ga fumfuna a saman, ka goge da tsumma da ruwan Hypo ɗin nan da aka sirka, ka cire ledar kwana biyu. In ka ji wari, ka zaro shi. Wani lokaci gaɓar ƙasa ce kaɗai ta ruɓe, sai ka yanke har inda itacen yake fari tas, ka kafa a sabon yashi da sabuwar gora. Na ceto da dama ta haka.

Bayan ya kama

Kada ka yi gaggawar sauya masa wuri da ganin saiwar farko. Ka bari ta yi rassa, ta zagaye gorar, ta fara komawa ruwan ƙasa-ƙasa. Daga lokacin da ta bayyana ka cire ledar baki, ka ɗan ƙara ruwa, don yanzu yana da bakin sha.

Da yamma za ka sauya. Ƙasar lambu kashi biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, a bokitin fenti ko yankakkiyar jarka da aka huda. Ka ɓare salatif, ka ɗauke shi da yashinsa gaba ɗaya, ka zaunar, ka cike gefe ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Mako biyu a inuwa, sannan ranar safe ta sa'a ɗaya, kana ƙarawa sannu a hankali. Duk bazarar farko ya yi ta a gindin bishiya. Takin zamani sai ya yi wata guda yana sabon ganye, shi ma ɗan kaɗan, nesa da gindi.

Dasawa a ƙasa sai damina ta zauna. Rami mai zurfin rabin mita, nesa da katanga da sokawe da aƙalla mita huɗu, don saiwar dangin ɓaure tana bin ruwa duk inda yake. Wurin da ka taɓa tuge tumatir ko kuɓewa ka ga saiwarsu da ƙulli, kada ka dasa tin a nan, gara ya zauna a babban mazubi. Ka lulluɓe gindin da ciyawa amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara, ka kewaye saboda awaki. In ya kai tsawon ƙugu ka tsinke kansa don ya yi rassa uku ko huɗu. Yakan fara 'ya'ya a shekara ta farko ko ta biyu, kuma da sun fara laushi ka ɗaura musu tsohon gidan sauro tun kafin tsuntsaye da jemagu su gano wurin.